Yadda ake ƙirga gaɓoɓin kalmomin Turanci da gano kalmomin da haruffansu ɗaya ne

Rubuta waɗannan kalmomi biyu a takarda: *quiet* da *quite*. Haruffa biyar ne a kowace, kuma su ɗin ne dai: q, u, i, e, t. Amma ta farko gaɓa biyu gare ta a baki, ta biyu kuwa gaɓa ɗaya tal. Wahalar da Bahaushe ke sha da kalmomin Turanci, rabinta daga nan take. A rubutunmu na boko, abin da ido ya gani shi baki ke faɗa: *makaranta* wasali huɗu, gaɓa huɗu, babu gardama. Sai mu ɗauki wannan sabon mu shiga da shi Turanci, alhali can harafi daban, sauti daban.

Abu biyu za mu koya a nan. Na farko ƙirga gaɓa, kuma aikin kunne ne. Na biyu gano anagiram, wato kalmar da ake samu idan an sauya wa haruffan wata kalma mazauni ba tare da an ƙara ko an rage ko ɗaya ba, kamar yadda *tafi* ke komawa *fita* a Hausa, ko *bara* ta koma *raba*. Wannan kuma aikin ido ne. Na haɗa su wuri ɗaya da gangan, domin babu abin da ke nuna wa ɗalibi cewa haruffa ba su ne sauti ba kamar ya ga haruffa guda sun ba da gaɓa ɗaya a nan, biyu a can.

Amfanin ya wuce wasa. Tambayoyin furuci na WAEC da NECO da JAMB suna neman ka nuna gaɓar da ake dannawa a kalma, wato wadda ake furtawa da ƙarfi fiye da sauran, kuma wanda bai san adadin gaɓoɓin ba, ina zai san ta biyu daga ƙarshe? Haka ƙa'idar kwatanci: sifa mai gaɓa ɗaya ana ɗafa mata *-er*, a ce *taller*, mai gaɓa uku kuwa sai an sa mata *more* a gaba, a ce *more beautiful*.

Ƙirga gaɓa

Mataki na farko, ka ji kalmar kafin ka dube ta. Ƙamus na waya ko na intanet yana da ɗan hoton lasifika kusa da kowace kalma. Danna shi sau biyu ko uku, ka kau da idonka daga rubutun. Yawancinsu suna ba da furucin Ingila da na Amurka. Don jarrabawar makaranta a Nijeriya da Ghana, riƙe na Ingila.

Mataki na biyu, ƙirga da jikinka. Sa bayan hannunka a ƙarƙashin haɓa ka faɗi kalmar a hankali. Duk lokacin da haɓar ta sauko ta taɓa hannun, gaɓa ɗaya ke nan. Dabarar tana aiki sosai a kalma irin *banana*, amma tana yaudara idan wasalin ba ya buɗe baki, kamar a *city*. Wadda na fi yarda da ita ita ce ka rufe leɓɓanka ka rera kalmar ta hanci. Baƙaƙen duk za su ɓace, sai bugun ya rage: *education* za ta fito mm-mm-mm-mm, huɗu. Dalilin da ya sa wannan ke aiki shi ne kowace gaɓa tana da cibiya ɗaya, kuma cibiyar kusan kullum sautin wasali ce. Ƙirga gaɓa ƙirga sautin wasula ne, ba haruffansu ba.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi shafarmu, don haka zan daɗe a kansa. Ka tsare bakinka daga cusa wasalin da babu shi. Gaɓar Hausa siga uku gare ta: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ma fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa duk kalmar da muka aro sai mun buɗe mata tagogi: *bread* mai gaɓa ɗaya ta zama burodi mai uku, *glass* ta zama gilashi, *brake* ta zama birki, *screwdriver* mai uku ta zama sukundireba mai biyar. Wannan ba aibu ba ne, tsarin harshenmu ke nan, kuma da shi ne kalmomin suka zauna daram a bakin kowa. Matsalar tana zuwa ne idan ana ƙirga Turancin kansa. Turanci yana yarda da baƙaƙe uku a farkon gaɓa, kamar a *street* da *split*, kuma yana tara har huɗu a ƙarshe, kamar a *texts* inda kunne ke jin k, s, t, s. Kalmar *strengths* haruffa tara ce, wasali ɗaya, gaɓa ɗaya. Idan ka rera ta ta hanci ka ji bugu uku, to bakinka ne ya ƙara biyu.

Maganin shi ne ka gina kalmar daga ciki zuwa waje. Ce *rain*. Sa t a gaba ba tare da ka saki numfashi tsakaninsu ba: *train*. Ja s kamar hucin maciji, ka faɗa kan sauran: *strain*. Haka *lay*, *play*, *splay*. Haka *ream*, *cream*, *scream*. Dukkansu bugu ɗaya ne daga farkon jerin har ƙarshensa.

Mataki na huɗu, idan babu sautin da za ka saurara, kamar a ɗakin jarrabawa, sai a koma ga ido, amma ido mai ƙa'ida. Ja layi ƙarƙashin kowane rukunin wasula a kalmar, ka lissafa y a matsayin wasali idan ba ita ce a farkon gaɓa ba: wasali ce a *gym* da *happy*, baƙi ce a *yes*. Wasula biyu ko uku da ke manne ka fara ɗaukarsu a matsayin ɗaya: *boat*, *rain*, *beau-ti-ful*. Adadin da ka samu na wucin gadi ne. Yanzu sai gyara.

Cire ɗaya idan kalmar ta ƙare da e marar sauti: *name*, *hope*, *time*, duk gaɓa ɗai-ɗai ne. Wannan e ɗin ba ado ba ce. A Turancin fiye da shekaru ɗari shida da suka wuce ana furta ta, *name* gaɓa biyu ce a lokacin. Furuci ya ci gaba da sauyawa, musamman tsakanin kusan 1400 da 1700 lokacin da dogayen wasulan Turanci suka gusa daga inda suke, rubutu kuwa ya fara daskarewa bayan William Caxton ya kafa injin buga littafi a Westminster a 1476. Baki ya yi gaba, alƙalami ya tsaya. Abin da ya sa ke nan haruffan wasali biyar suke ɗauke da sautin wasali kusan ashirin a Turancin Ingila.

Amma kada ka cire e ɗin idan kalmar ta ƙare da baƙi sannan *-le*: *table*, *little*, *apple* gaɓa bibbiyu ne, *bicycle* uku. A nan l ce da kanta ke riƙe gaɓar. Irin wannan ne ke faruwa da m a *rhythm*, wadda gaɓa biyu ce. Akwai kuma 'yan kalmomin aro da ake furta e ɗinsu ta ƙarshe: *recipe* da *simile* uku-uku, *apostrophe* da *catastrophe* hurhuɗu. Waɗannan haddacewa ake yi.

Sai *-ed*. Tana zama gaɓa mai cin gashin kanta ne kawai idan ta biyo bayan sautin t ko d: *wanted*, *needed*, biyu-biyu. A sauran wurare narkewa take yi: *walked*, *played*, *stopped*, *laughed*, ɗai-ɗai. Wasu tsofaffin sifofi sun ƙi bin wannan: *naked*, *wicked*, *sacred*, *crooked*, duk biyu-biyu. Ita ma *-es* haka take: tana ƙara gaɓa bayan sautuka masu huci irin s, z, sh, ch da j, shi ya sa *boxes*, *judges*, *faces* da *wishes* suke da biyu, amma *makes*, *times* da *hopes* suna nan a ɗaya.

Sannan ka koma kan wasulan nan da ka haɗe, ka tambaya ko da gaske tare suke. A *lion*, *poem*, *diet*, *science*, *create* da *being*, wasulan maƙwabta ne kawai, kowanne da gaɓarsa, don haka biyu-biyu ne. *Radio* da *video* uku-uku. Amma *-tion* da *-sion* gaɓa ɗaya ce duk da i da o da ke ciki: *nation* biyu, *decision* uku. Ka riƙe wannan da kyau, domin gaɓar da ke gabanin *-tion* ita ake dannawa, haka ma wadda ke gabanin *-ic* da *-ity*. Wanda ya iya ƙirga ya amsa waɗannan tambayoyin ba tare da ya taɓa jin kalmar ba.

Akwai rukunin da babu ƙa'idar da za ta cece ka daga gare shi, wato kalmomin da Turawa ke haɗiye musu gaɓa. *Wednesday* biyu ce, *business* biyu, *evening* biyu, *every* biyu a maganar yau da kullum, *vegetable* da *comfortable* uku-uku a bakin mafi yawa. Sunayen garuruwan Ingila sun fi kowa wannan hali. Masu kallon ƙwallo sun san haka tun da Ahmed Musa ya koma Leicester a 2016: ido na ganin gaɓa uku, mai sharhi yana cewa Lesta. Haka Worcester da Gloucester, biyu-biyu.

Mataki na biyar, tabbatar a ƙamus, amma ka san inda za ka duba. Ɗigo-ɗigon da wasu ƙamusoshi ke sawa a tsakiyar kalma sau da yawa suna nuna inda za a iya karya ta ne a ƙarshen layi. Abin dogaro shi ne rubutun furuci da ke tsakanin sanduna biyu masu karkata. Ƙirga alamomin wasali a can, ka lura da ɗan ƙaramin layin da ke sama, wanda ke gaban gaɓar da ake dannawa. Wani lokaci za ka ga ƙamus biyu sun saɓa a kan kalma irin *fire*, *hour* ko *chocolate*. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. Masu harshen ne kansu suka rabu, wasu na jan ta, wasu na taƙaita ta. Malamin da ya san aikinsa ba ya kafa tambayar jarrabawa a kan irin waɗannan.

Gano anagiram

Yanzu kunne ya huta, ido ya karɓi aiki. Kada ka fara da jujjuya haruffa barkatai kana fatan sa'a. Haruffa biyar mabambanta suna da jeri 120, bakwai suna da 5,040, takwas kuwa 40,320. Babu mai bin wannan ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ka kashe kalmar. Muddin kana ganin *triangle* a matsayin *triangle*, ƙwaƙwalwarka ba za ta sake ta ba. Sake rubuta haruffan bisa jerin abacada na Turanci: A E G I L N R T. Wannan jerin shi ne hatimin kalmar, kuma duk kalmomin da suke anagiram ɗin juna hatiminsu ɗaya ne. Dabarar tsohuwa ce. A 1676 masanin kimiyyar nan na Ingila, Robert Hooke, ya buga dokarsa ta miƙewar ƙarfe mai tsalle a matsayin haruffan Latin da ya jera haka, *ceiiinosssttuv*, don ya riga kowa ba tare da ya tona asirin ba, sai a 1678 ya warware ta.

Na biyu, ware wasula gefe, baƙaƙe gefe: A E I a sama, G L N R T a ƙasa. Wasali uku da baƙi biyar suna gaya maka cewa kalmar da kake nema mai yiwuwa gaɓa biyu ce ko uku, kuma dole wasu baƙaƙen su haɗu da juna.

Na uku, nemi ɗafa-ƙeya da ɗafa-goshi, ka cire su ka ajiye. A ƙeya ka duba *-ing*, *-ed*, *-er*, *-est*, *-ly*, *-tion* da *-s*. A goshi ka duba *re-*, *un-*, *in-*, *de-*, *dis-* da *pre-*. A haruffanmu akwai I, N, G. Cire su, saura A E L R T, kuma haruffa biyar sun fi takwas sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Suna ba da *alter*, ka samu *altering*. Suna ba da *alert*, ka samu *alerting*. Suna ba da *later*, amma babu kalmar da ake samu idan an ɗafa mata *-ing*, sai ka wuce. Wannan tarkon yana kama mutane da yawa, domin ganin kalma ta gaskiya a cikin ragowar yana sa a yi zaton an gama. Gwada *re-* a goshi tare da *-ing* a ƙeya, saura L A T a tsakiya: *relating*. A nan ka lura cewa e ɗin *relate* ta faɗi kafin *-ing*, don haka ragowar ba lallai ta zama cikakkiyar kalma ba. Sannan ka mayar da *-ing* cikin tari ka gwada *in-* a goshi, saura A E G L R T: *integral*. Kalmomi biyar ke nan daga hatimi ɗaya.

Na huɗu, idan ɗafi bai fitar da kai ba, haɗa baƙaƙen da suka saba tafiya tare: th, ch, sh, st, tr, br, cl, ck, ght, da q wadda kusan kullum u ke bin ta. Ɗauki G H I N T. Ka haɗa *ght* ka samu *night*. Ka haɗa *th* da *ng* ka samu *thing*. Harafin da ya fi wuya a cikin tarin, irin su v, w, k, x, z da j, da shi ake farawa, don wuraren da zai iya zama kaɗan ne.

Na biyar, sa hannu. Yayyanka takarda ko kwali ƙanana, harafi ɗaya a kowane yanki, ka riƙa turawa da yatsa a kan tebur. Idan babu hali, rubuta haruffan a da'ira maimakon layi, domin layi yana tilasta wa ido ya fara daga hagu kullum. 'Yan wasan Scrabble, wato wasan haɗa kalmomi da haruffa, haka suke yi da 'ya'yan wasansu bakwai a kan ɗan katakon da ke gabansu, kuma suna da dalili: wanda ya zubar da bakwai ɗin a tashi ɗaya yana samun ƙarin maki 50. Manyansu suna haddace hatimai ne tare da duk kalmomin da ke ƙarƙashinsu. A E I N R S T, alal misali, tana ba da *retains*, *nastier*, *retinas* da *stainer*, da wasu. Wannan fage ne da 'yan Nijeriya suka yi suna a cikinsa: Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

Na shida, tantance. Rubuta kalmomin biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka soke harafi a sama ka soke takwaransa a ƙasa har su ƙare tare. Harafin da ya maimaitu shi ke kayar da mutane: *lose* da *loose* ba anagiram ba ne, *desert* da *dessert* ma haka. Amma *conversation* da *conservation* sun tsallake, *teacher*, *cheater* da *hectare* ma sun tsallake. Idan jimla ce, ba a lissafa tazara da alamomin rubutu: *dormitory* tana ba da *dirty room*, sannan *eleven plus two* tana ba da *twelve plus one*, kuma dukkansu 13 ne a lissafi. Mai son ƙirƙiro irin wannan da kansa ya fara da neman kalmar da za ta cinye haruffa masu wuya, ya bar e, s, t da a zuwa ƙarshe, yana lura kada wasula su ƙare masa ya rage da tarin baƙaƙe.

Mai rubuta manhajar kwamfuta ma hanyar hatimin zai bi: ya jera haruffan kowace kalma, ya tara masu hatimi ɗaya a rukuni guda. Don gaɓa kuwa akwai ƙamus ɗin furuci na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, kyauta ne, yana da kalmomi sama da 130,000, kuma kowane sautin wasali a cikinsa yana ɗauke da lamba 0, 1 ko 2. Ƙirga lambobin, ka samu gaɓoɓin, sai dai furucin Amurka ne.

Haɗa su biyun

Samu littafin rubutu guda ka ware shi don wannan. A saman kowane shafi rubuta hatimi ɗaya, a ƙasa ka jera kalmomin da ka gano, a gaban kowace ka sa adadin gaɓarta da dalilin da ya sa. Dalilin nan shi ne ainihin karatun, kada ka tsallake shi.

Ga yadda shafin A C E R S T zai kasance. *Crates*, ɗaya, domin *-es* ta biyo bayan t. *Traces*, biyu, domin *-es* ta biyo bayan sautin s. *Reacts*, biyu, domin e da a ba tare suke ba. *Caters* da *recast*, biyu-biyu, babu wani tarko. Haruffa shida, ƙa'ida uku a shafi ɗaya. Shafin A D E I S ya fi shi daɗi: *aides* ɗaya, *aside* biyu, *ideas* uku a furucin Amurka, ko da yake Turawan Ingila da yawa suna haɗe biyun ƙarshe.

Malami a aji zai iya raba yara gida biyu: gida ɗaya ya gano kalmomin, ɗayan ya tafa gaɓoɓinsu, sannan a yi musaya. Yaran da suka iya zaurance suna saurin kama ɓangaren gaɓa, domin wasan nasu dama a kan yanka kalma gaɓa-gaɓa aka gina shi. Abin da za a nuna musu kawai shi ne a nan harafi ake ɗagawa, ba gaɓa ba.

Ga hatimai shida na fara aiki. Rufe sakin layi na ƙasa da hannu kafin ka gwada: D E I T, A E G L N, B E G I N, A C D E R S, D E I N T U, A B E L S T.

Na farko yana ba da *tide* da *tied* masu gaɓa ɗai-ɗai, da *diet* da *edit* masu bibbiyu. Na biyu, *glean* ɗaya, *angel* da *angle* biyu-biyu. Na uku, *binge* ɗaya, *begin* da *being* biyu-biyu. Na huɗu, *scared* ɗaya, *sacred* da *cedars* biyu-biyu. Na biyar, *untied* biyu, *united* uku, domin *-ed* ta biyo bayan t. Na shida, *bleats* ɗaya, *stable*, *tables* da *ablest* biyu-biyu. Duk wadda adadinka ya saɓa da wannan, koma ka saurare ta a ƙamus, ka rera ta ta hanci, ka gano ko wasali ka ƙara ko haɗiye shi ka yi, sannan ka rubuta dalilin a gefen shafin.